Mannir Mai Agogo da Saniyar Ayarin Taurari

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna maƙwabtaka da Malam Mannir a bakin tashar motar Tsafe, ni a kan keken ɗinkina, shi a gaban ɗan teburinsa mai gilashi inda yake gyaran agogo. Sunana Kabiru, kuma kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Mannir mutumin Kucheri ne. Mahaifinsa manomi, mahaifiyarsa Bafillatana. Ya gaya mini a wajenta ya koyi sunayen taurari, lokacin da yake raka ta ruga gaida 'yan'uwanta. Da ya gama firamare aka kai shi Gusau wajen wani tsoho mai gyaran agogo, ya yi shekara huɗu, ya dawo da ƙaramin akwatin kayan aiki da wani ɗan gilashi da yake maƙalawa a ido ɗaya. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, sai fa in ya ga abu bai zauna daidai ba. Ya taɓa dawo mini da riga a kan cewa aljihun dama ya ɗara na hagu da faɗin yatsa. Na ɗauko tef na auna, na tarar haka ne.

A shekarar 1997 ya sayi wata tsohuwar talabijin baƙi da fari. Ya kafa eriya a kan doguwar gora, ya samo batirin mota saboda wuta ba ta da tabbas. Labarai ya saye ta dominsu, amma ba a yi wata guda ba ya faɗa wa wani shiri da ake nunawa kowace Lahadi da ƙarfe biyar na yamma. Sunan shirin Ayarin Taurari. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ce a Gusau take shirya shi, ta kai kaset gidan talabijin a saka.

Labarin wasu manoma ne a can gaba, bayan shekara ɗari uku, da ƙasar noma ta yi musu kaɗan, suka ƙera wani ƙaton jirgi suka shiga sararin sama neman sabuwar gona. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Uwani, wadda take duban taurari ta taga ta gaya wa matuƙi inda zai karkata. Akwai kuma wani makiyayi, Buba, da ya ce ba zai hau jirgin ba sai da saniyarsa Gudale. Haka aka tafi da ita. Duk duniyar da suka sauka, Gudale ce take fara fita. In ta sunkuya ta ci ciyawar wurin, sai a sauke kaya. In ta juya ta koma ciki, sai a tada jirgi.

Muna idar da la'asar za mu hallara a tsakar gidan Mannir, maza a tabarma ɗaya, matarsa Saude da maƙwabtanta a ɗaya. Mannir yana zama kusa da talabijin, hannunsa a kan abin murɗawa. Ba a magana in an fara. In an gama kuwa, sai kiran magariba ke raba mu. Ya yarda da shirin nan ƙwarai. Ya ce duk wanda ya rubuta shi ya san ƙasa, ya san dabba, ya kuma taɓa ɗaga kai ya dubi sama.

Bayan damina ta 1998 aka tafi hutu na 'yan makonni. Da shirin ya dawo, sai muka ga sabon suna a rubutun ƙarshe: mai shiryawa, Abubakar Sadiƙ. Tun ranar Mannir ya lura babu Gudale. Buba ma babu shi. Ya ce mu yi haƙuri, wataƙila suna ɗakin baya. Mako na biyu babu su. Mako na uku muka tabbatar Inna Uwani ita ma tun hutu ba ta dawo ba, an ajiye wani akwati mai fitilu a gurbinta, yana magana ta hanci yana faɗin hanya. Sannan aka kawo wasu mutane masu koren fuska da bindigogi masu fitar da haske, kullum sai an yi faɗa da su.

Ranar Litinin ya zo tasha bai buɗe teburinsa ba. Ya sayi takarda da ambulan, ya zauna ya rubuta wasiƙa, ya karanta mini kafin ya liƙe.

"Zuwa ga Malam Abubakar Sadiƙ. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai kallon shirinku ne tun fitowa ta farko. Ina da tambaya uku. Ina Gudale? Jirgi yana tsakiyar sama, ba ƙofar da za ta fita kiwo. Ina Inna Uwani? In rasuwa ta yi, ba mu ga an yi mata sutura ba. Na uku, agogon bangon da ke ɗakin matuƙi mako uku ke nan yana kan goma da minti goma. Mutanen da suka iya ƙera jirgi ba za su kasa gyara agogo ba. Naka, Mannir mai agogo, tashar Tsafe."

Ya ba Manu, direban da ke jigila tsakanin Tsafe da Gusau, ya kai ofishin ƙungiyar. Ba a amsa ba. Litinin ta gaba ya sake rubutawa, haka ma wadda ta biyo ta.

Kafin a jima duk tasha ta san da zancen wasiƙun. Mutane suka rabu biyu. Masu lodin mota suna son faɗan bindiga, suna cewa da can shirin barci yake sa su. Mahauta da masu sayar da hatsi suna bayan Mannir. Wani mahauci ya ce shi tun da aka cire saniyar ya daina zuwa kallo. Saude ma ta aiko da nata a saka mata: tun da sabon mai shiryawa ya zo, ba ta ga an ɗora tukunya a jirgin ba ko sau ɗaya, tana son a gaya mata abin da suke ci. Mannir ya rubuta shi a ƙasan wasiƙa ta bakwai, ya sa sunanta.

Ba kushe kaɗai yake yi ba. Ranar da aka nuna wata duniya mai rana biyu, kowane mutum da inuwa biyu, ya rubuta shafi guda na yabo. Sai dai ya ƙara da cewa inuwar matuƙi ta biyu ta faɗi a gefen da bai dace ba.

A kan wasiƙa ta goma sha tara Manu ya dawo da 'yar takarda a ninke. Layi biyu ne a ciki: "Malam Mannir, duk na karanta. In ka sami dama ka zo ranar Laraba da hantsi ka gani da idonka."

Ya sa na goge masa farar rigarsa, ya ce in raka shi. A mota yana riƙe da akwatin kayan aikinsa a cinya har muka shiga Gusau.

Mun zaci babban gini za mu tarar. Manu ya sauke mu a ƙofar wani tsohon sito a bayan kasuwa. Muka yi sallama muka shiga, sai ga jirgin Ayarin Taurari a gabanmu. Kwalayen firji ne aka haɗa aka shafa musu fenti ruwan toka. Tagar da Inna Uwani take leƙa taurari murfin tukunya ne da aka yanke tsakiyarsa, taurarin kuwa baƙin zane ne da aka huda, aka sa fitila a baya. Sitiyarin matuƙi na tsohuwar Fijo ne. Mannir ya tsaya yana kallo. Na ji tsoron ransa zai ɓaci. Sai na ga ya matsa ya shafa kwalin da hannu, ya ce, "Da wanga abu kunka kai mu duniya goma sha huɗu?"

"Da shi, Malam."

Wanda ya amsa wani saurayi ne gajere mai fara'a, fenti a gwiwar hannunsa. Shi ne Abubakar Sadiƙ. Ya gaida mu da girmamawa, ya jawo mana benci, ya aika aka kawo fura. Sannan ya buɗe wata jaka ya zaro wasiƙun nan goma sha tara, a jere, an ɗaure su da zare.

"Ba wanda ke rubuto mana sai kai," in ji shi. "Duk Talata 'yan wasa sai su taru in karanta musu. Matuƙi har yanzu yana jin haushin zancen inuwarsa."

Mannir ya ɗan sunkuyar da kai, amma bai saki zancensa ba. "To, ina Gudale?"

Abubakar Sadiƙ ya tashi ya kai mu gefen hagu na jirgin, ya nuna mana inda aka yi wa kwalin babban faci. "Nan ta ci. Sau uku tana cinye mana fiffike. Duk da haka da mun riƙe ta, sai dai Buba makiyayi ne na gaske, ba ɗan wasa ba ne. Sunansa ke nan, saniyar ma tasa ce. Da kaka ta wuce ya bi 'yan'uwansa sun yi kudu da shanu. Ranar da zai tafi ma ya shaida mana."

"Inna Uwani fa?"

"Sunanta Hajiya Balkisu. Ta koma Furfuri wajen 'yarta. Ƙafa na damunta, ba ta iya hawa mota duk mako."

Mannir ya gyaɗa kai. "Masu koren fuska fa? Su ma wani ya yi kudu ne?"

Saurayin ya yi dariya. "A'a, wannan ra'ayina ne. Samari na son faɗa, ni ma ina so. Labari in ba maƙiyi, ba ya tafiya."

"Yunwa maƙiyiya ce. Neman gona da ba a samu ba maƙiyi ne. Da su kunka fara, kuma munka zauna munka kalla."

"Kun kalla ku dattawa. Ni ina son 'yan makaranta su zauna."

Sun fi awa guda a kan wannan. Babu wanda ya ɗaga murya, babu kuma wanda ya ja da baya. Ni dai ina shan fura. Daga ƙarshe Mannir ya ce, "Bindigoginka naka ne, ba ni hana ka. Amma mutane sun yi shekara suna kallon tsohuwa da saniya. Ba a ɗauke mutum daga cikin ayari a yi shiru kamar ba a taɓa yin shi ba. Ko baƙo ne in zai tafi ana raka shi bakin ƙofa."

Abubakar Sadiƙ ya dubi wasiƙun. Ya ce, "Wannan kam na yi kuskure. Na ɗauka ba wanda zai kula. To yanzu ya za a yi? Ba zan iya dawo da su ba."

Ashe Mannir ya riga ya yi tunanin. Ya tambaya ko suna da rikoda. Ya ce a nuna cewa tun a duniyar ƙarshe da aka sauka kafin hutu, inda Gudale ta ci ciyawa, Inna da Buba suka zaɓi su zauna su gwada shuka. Sai ta riƙa kiran jirgi ta rediyo. Murya kawai ake buƙata, ita kuwa murya ba sai ta hau mota ba.

"In ta yarda," in ji Abubakar Sadiƙ. "Tsohuwar ba ta da sauƙi."

Kafin mu tafi Mannir ya hau benci ya sauko da agogon bangon. Ya buɗe bayansa ya tarar babu komai a ciki, fuska ce kawai da hannaye. Ya dubi saurayin, saurayin ya dubi ƙasa. Mannir ya sa agogon a hammata ya ce zai dawo da shi.

Laraba ta gaba muka tafi Furfuri mu uku, da rikoda da sababbin batura. Daga Bungudu muka hau babura. An daɗe da gama girbi, kowane gida da geronsa a rumbu. Muka sami Hajiya Balkisu a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan buhu. Da Mannir ya gan ta sai ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, ina wuni," kamar wanda ya ga uwarsa bayan doguwar tafiya.

Ta dube shi ta dubi Abubakar Sadiƙ. "Wanga shi ne mai takardun?"

"Shi ne, Hajiya."

"An ba ni labarinka, ɗana. Ka ce ba a yi mini sutura ba."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta sa aka kawo mana ruwa da dafaffiyar gyaɗa. Ta ce ita ko ƙafarta ta warke ba ta komawa. Hular da suke kifa mata a kai kwanon kwaɓa fulawa ne, zafi kamar tanda, ga shi ba ta jin abin da ake faɗi sai an taɓa ta. Da aka gaya mata ba hula, ba mota, magana kawai za ta yi, ta ce to a kawo abin.

Abubakar Sadiƙ ya zo da rubutun abin da za ta faɗa, Mannir ne ya taimaka masa da sunayen taurari. Ya karanta mata. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Wa ya ce a bi Gamzaki da yamma?"

Mannir ya ce shi ne.

"Gamzaki da asuba ake ganin shi. In matuƙi ya jira shi da yamma, sai ya kwana yana jira. Kaza da 'ya'yanta za ka ce, a bar ta a hannun dama."

Mannir ya ce ai a sararin sama babu asuba babu yamma. Ta ce ita ba ta san wannan ba, amma masu kallo a ƙasa suke, kuma ba za ta bari matan Furfuri su ce ba ta san Gamzaki ba. Dole Mannir ya yarda a gyara. Abubakar Sadiƙ ya juya baya yana dariya a cikin hularsa. A hanyar dawowa ya ce wa Mannir, "Yau ka ji yadda nake ji duk Talata."

Hajiya Balkisu dai ta yi maganar da kalmominta, ba ta bi rubutun ba. Ta gaida mutanen jirgi ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu geron da ta shuka ya tsiro, Gudale ta yi ƙiba, Buba na gaisuwa. Ta ja wa matuƙi kunne kada ya riƙa gudu. Ta tambaya wa ke yi musu tuwo tun da ta tafi. Ana cikin ɗauka sai bijimin maƙwabta ya yi kuka ta bayan danga, ya shiga kaset. Aka bar shi a matsayin Gudale.

Ranar da aka nuna wannan fitowa tsakar gidan Mannir ba ta ɗauke mu ba, har a kan katanga aka zauna. Mahaucin nan da ya daina zuwa ya zo da tsire a takarda. Da muryar tsohuwar ta fito daga rediyon jirgi, matan suka amsa mata gaisuwa da baki. Saude ta ce, "Kun ji, ita ma ta tambayi tuwo." A bangon jirgin agogo yana tafiya, Mannir ya sa masa injin wani tsohon agogonsa. Da bijimin ya yi kuka mahaucin ya ce wannan ba saniya ba ce. Mannir ya ce masa, "Nisa ne ya sauya mata murya."

Masu koren fuska ba su tafi ba. Abubakar Sadiƙ ya riƙe su har ƙarshe, Mannir kuma bai taɓa yarda da su ba. Amma duk wata ana zuwa Furfuri a ɗauko muryar Hajiya Balkisu, kuma an dawo da tukunya cikin jirgi.

A tsakiyar 1999 aka yanke shawarar rufe shirin, don mai shiryawa ya sami aiki a Kaduna. Ya aiko wa Mannir cewa yana son ya fito a fitowa ta ƙarshe, a matsayin dattijon duniyar da ayarin zai zauna a cikinta. Mannir ya ƙi sau biyu, Saude ta sa baki, ya yarda. Ni na ɗinka masa rigar, doguwa mai ƙyalli, da yadin labule. Abin da zai faɗa bai fi kalma goma ba: ya tarbi matafiya, ya ce musu ga ƙasa nan, ga ruwa, su sauke kaya. Mako guda yana maimaitawa a bakin teburinsa. Ranar ɗauka sai da aka sake sau shida, don da ya ga kyamara sai ya ƙame.

Lahadin da aka nuna, ya zauna a wurinsa kusa da talabijin. Ya fito a allo, dogo, a sandare, idonsa a kan kyamara maimakon a kan baƙin da yake tarba. Ya faɗi maganarsa da sauri kamar ana korarsa. Yara suka yi ta nuna shi. Aka gama, aka yi ta yi masa barka. Na jira sai da mutane suka ragu.

Na ce, "Malam, ya ka gani?"

Ya ce, "Ƙarshen ya yi kyau. Sun sami gona, haka ya kamata. Amma dattijon can bai iya ba ko kaɗan. Ban san wa ya zaɓo shi ba."

Saude ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Bayan shekara biyu Mannir ya koma Kucheri, don mahaifinsa ya tsufa, gona kuma ba mai kula da ita. Ranar kasuwa yakan shigo Tsafe da jakar agogunan da mutanen ƙauye suka ba shi gyara, ya zauna a bencina ya yi aikinsa, mu ci abinci tare, ya kama motar yamma.